Idan annoba ta sake rufe hanya, wane tallafi ne zai amfani masunta da masu bandar kifi?

Tambaya: Wata Hajiya da ke shugabantar ƙungiyar mata masu bandar kifi a ƙasar Yauri ta aiko tana cewa, wata ƙungiyar agaji ta nemi su rubuto irin tallafin da ya kamata a tanadar wa masu sana'ar kifi idan aka sake samun annoba irin korona. Mazan sun ce a rubuta koma da injin jirgi, wasu sun ce bashi. Ita dai hankalinta bai kwanta ba, tana son ta ji abin da ya yi amfani a 2020 da wanda bai yi ba.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. Koma da inji kayan kamu ne, kuma duk wanda ya zauna a bakin ruwa a 2020 ya san kamu bai tsaya ba. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ba su san ana korona ba, masunta ma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. Abin da ya tsaya shi ne tafiyar kifi daga gaɓa zuwa tukunyar mai ci, da dawowar kuɗinsa daga kasuwa zuwa hannun wanda ya kama da wadda ta kyafa. In aka ƙara wa masunci koma a irin wannan lokaci, an ƙara yawan kifin da zai ruɓe ne, an kuma ƙara karya masa farashi. Saboda haka duk abin da za ku rubuta ku duba: zai sa kifi ya isa kasuwa? Zai sa ya jira kasuwa bai lalace ba? Zai hana jari narkewa kafin hanya ta buɗe? In bai yi ko ɗaya ba, ku ajiye shi gefe.

Bari mu tuna yadda abin ya zo, don mutane sun fara mantawa. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya, kuma a wannan makon ne aka yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka dawo da shi bayan kusan shekara goma ba a yi ba, jama'a maƙil a Matan Fada. Ba a cika mako uku ba, daren 30 ga Maris, dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya. Kano ta shiga nata kullen a tsakiyar Afrilu. Farkon Mayu aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe a duk ƙasa, aka hana fasinja tsallaka jiha zuwa jiha, ba a ɗage hana tsallaka jihohin ba sai 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa kuwa dama tun Agustan 2019 a rufe suke ga kaya.

Ki dubi watannin nan: Afrilu, Mayu, Yuni. Bazara ce, ruwa ya janye daga fadamu, kifi ya taru a gurbi. A lokacin ne masunci yake tara abin da zai sayi iri da taki, domin kusan kowane masunci a ƙasar nan manomi ne idan damina ta faɗi. A lokacin ne kuma zafi yake haura digiri 40. Kifin da aka ciro daga kalli da asuba, wanda wataƙila tun tsakar dare ya mutu a cikin raga, ba ya kai la'asar sai cikinsa ya saki. Azumi ma a ciki ya kama, ƙarshen Afrilu. Mai hatsi in an rufe kasuwa zai mayar da buhunsa gida ya jira, mai ɗanyen kifi kuwa sa'o'i kaɗan gare shi. Wanda duk ya tsara tallafi bai sa wannan bambanci a gabansa ba, tallafin manoma ya tsara.

Ke kin fi ni sanin cewa sana'ar nan a kan amana da bashi take tafiya, amma zan faɗa saboda waɗanda za su karanta takardarku ba su sani ba. Ubangida ya sayo wa masunci raga da man inji, da sharaɗin shi zai riƙa karɓar kifin. Masunci ya ba mace kifi da safe, ba ta biya ba sai ranar kasuwa. Ita ta ɗauki itace bashi, ta kyafa, ta ba ɗan kasuwa kwali uku ko biyar, shi ma rabin kuɗi ya bayar, sauran sai ya dawo daga Onitsha ko Legas ko Kano. Yaran jirgi ba albashi suke ci ba, kaso suke samu bayan an cire kuɗin mai. 'Yan dako, masu fafe kifi, mai ɗinkin raga, kafintan jirgi, mai sayar da ƙanƙara, mai suya a bakin tasha, duk a kan wannan kuɗin da bai iso ba tukuna suke rataye. Ranar da motar ɗan kasuwa ta maƙale a hanya, ba shi kaɗai ya yi asara ba. Ya kasa biyan mai banda, ita ta kasa biyan masunci, shi ya kasa sayen mai, yaransa suka kwana ba kaso. Mafi rauni a cikinsu ita ce mace mai ƙaramin jari, wadda kuɗin sana'arta da kuɗin cefanenta a ƙulli ɗaya suke. Mako biyu na rashin ciniki ya isa a cinye jarin, kuma ko da aka buɗe hanya a Yuli, akwai matan da murhunsu bai sake hayaƙi ba sai bayan watanni. Hukumar Abinci ta Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 58.5 ne ke aikin kamu da kiwon kifi a duniya a 2020, kuma in aka haɗa da masu sarrafawa, kusan rabin masu sana'ar mata ne. Amma in aka ce "masunta" a takardar gwamnati, namiji mai jirgi ake hangowa.

Abu na farko da zan so ku rubuta ba ya ma cin kuɗi sosai: hanya. A takarda, abinci yana cikin abubuwan da aka keɓe tun jawabin Shugaba Buhari na 29 ga Maris, kuma ko da aka hana tsallaka jihohi an ce kaya za su wuce. Sai dai takarda daban, shinge daban. Mai tsaron shinge da tsakar dare ba shi da jawabin shugaban ƙasa a aljihu, kuma kowane shinge sai an ajiye na goro. Ga wani abu da masu tsara dokar ba su lura da shi ba: kifin ƙananan 'yan kasuwa ba a tirela yake tafiya ba. A motar haya yake tafiya, kwali biyu a but, uku a saman mota, mai shi yana zaune a ciki. Da aka hana fasinja, an hana wannan kifin ke nan, ko da an ce kaya halal ne. Sannan motar kifi da dare take gudu saboda sanyi, dokar hana fita kuwa daren ta kama. Ba mu kaɗai muka yi wannan tuntuɓe ba. Indiya ta rufe ƙasa ranar 25 ga Maris da sanarwar sa'o'i huɗu, ba ta fito fili ta keɓe harkar kifi ba sai 10 ga Afrilu, bayan an riga an zubar da kifi mai yawa.

Maganin wannan shi ne a yi yarjejeniya tun yanzu, a rubuce, tsakanin ƙungiyarku da ƙungiyar direbobi da ma'aikatar da ke kula da harkar kifi ta jiha: in aka sa dokar kulle, kifi abinci ne, masu kamu da masu banda da masu dako ma'aikatan abinci ne, ga takardar shaida da za a ba motarsu, ga lambar wayar da direba zai kira in an tare shi. Ku kuma ku saba da haɗa kaya. Mata ashirin su tara kwalayensu a mota ɗaya, kowane kwali da alamarsa, wakili ɗaya ya bi ta, kuɗi ya dawo ta asusu. In ƙungiyar agajin tana neman inda za ta sa kuɗi, ta biya rabin kuɗin wannan motar a watannin kulle. Naira ɗaya a nan ta fi naira goma a wurin rabon kaya.

Rufe kasuwa ma a yi hattara da shi. A Kano an sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, sai jama'ar da ke cin kasuwa cikin kwana bakwai suka dunƙule cikin sa'o'i shida. Cunkoson da ake gudu shi aka ƙirƙira. A bakin ruwa akasin haka ya kamata a yi: a ƙara ranakun ciniki, a baje wurin saukar jirage, mutanen wannan tunga su sauka da sassafe, na waccan da hantsi. Sarkin Ruwa ya fi kowane jami'i iya tsara wannan, domin dama shi ke faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da ba za a shiga ba. Kamun kifi na gayya, wanda ɗaruruwa ke faɗawa tafki lokaci ɗaya, ana iya raba shi unguwa-unguwa maimakon a hana shi ɗungurungum.

Kada kuma a ɗauka cewa tunda sana'ar fili ce, cutar ba ta shafe ta ba. Masunci shi da ɗansa a kwale-kwale a tsakiyar Kainji ba su cikin haɗari sosai. Haɗarin yana inda aka taru aka rufe ƙofa. A watan Mayun 2020 Shugaba Akufo-Addo na Ghana ya sanar cewa mutum ɗaya ya harbi ma'aikata 533 a wata masana'antar sarrafa kifi a Tema. A cikin watan na Mayu dai wani jirgin kamun kifi ya tashi daga Seattle a Amurka da mutum 122, an gwada 120 daga cikinsu kafin tashi ba a samu kowa da cutar ba, bayan kwana 18 ya dawo, aka ƙare da mutum 104 sun kamu. A wurinmu abin da ya yi kama da wannan shi ne rumfar banda mai duhu da mata goma ke ciki, da ɗakin kwanan yaran jirgi a tunga, da jirgin fasinja na ranar kasuwa. Matan banda kuma dama ƙirjinsu ya sha hayaƙi shekara da shekaru, cutar numfashi ba ta same su da sauƙi ba. Abin da ake buƙata a nan ba mai tsada ba ne: rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ruwa da sabulu, takunkumi. Wanda ya fi su duka shi ne ɗan abin da za a ba wanda ya kwanta. Mutumin da abincinsa na yau a kamun yau yake, in kika ce ya killace kansa kwana goma sha huɗu ba ki ba shi komai ba, ɓoye zazzaɓin zai yi ya fito.

Na biyu shi ne ajiya, kuma nan ne ku mata kuka fi kowa riƙe da makullin. A 2020 banda ce ta ceci abin da aka ceta. Amma bandar da aka yi don a sayar cikin mako ɗaya daban take da wadda za ta yi wata biyu. Na ga kwalin da aka buɗe bayan ya daɗe a jibge: daga sama kifin lafiya, baƙi sumul, ana ɗaga na biyu sai gari ya zubo, ƙwari sun cinye naman sun bar fata da ƙaya, na ƙasa kuma ya yi funfuna saboda ba a bari ya huce ba aka rufe shi. Mai kayan ba ta ce komai ba, tsintar wanda zai sayu kawai take yi tana jerawa a faifai. Irin wannan asara ce take sa wasu su yayyafa fiya-fiya a kan kifi, wanda guba ce ga mai ci, kuma ranar da labari ya fita, kasuwar garin gaba ɗaya ce za ta ɓaci. Abin da ke hana wannan sananne ne: a kyafa har ya bushe ƙarau, a bar shi ya huce, a ajiye a ɗaki mai iska a kan katako ba a ƙasa ba, a riƙa mayar da shi wuta lokaci-lokaci. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Ghana a 1969, na laka ne da tire-tiren katako da waya da ake ɗorawa bisa juna, yana cin itace kaɗan ya kyafa kifi da yawa, kuma maginin garinku zai iya gina shi. Akwai na zamani irin FTT da aka fara a Senegal, da waɗanda cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Ilorin ke ƙerawa, ga kuma cibiyar binciken kifi ta NIFFR nan kusa da ku a New Bussa. Ra'ayina dai, a fara da na laka. Na sha ganin murhun ƙarfe mai tsada an kai ƙauye an yi biki, bayan shekara akuya ke kwana a ciki, saboda ba wanda ya tambayi matan ko girmansa ya dace da yawan kifin da suke samu. Ƙanƙara tana da amfani ga mai ɗanyen kifi, amma a zafinmu kilo ɗaya na kifi kilo ɗaya na ƙanƙara yake so, ki lissafa wannan da halin wutar lantarki kafin ki rubuta ɗakin sanyi.

Yanzu maganar kuɗi. Gwamnati ta fitar da kuɗi a 2020, ba za a ce ba ta fitar ba. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na bashi ta bankin NIRSAL, da ruwa kashi 5 cikin ɗari, ana nema ta intanet da lambar BVN. An yi shirin Survival Fund na naira biliyan 75, wanda a cikinsa aka ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 kowanne. An biya naira 20,000 ga wasu daga cikin gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, aka ce a faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa 3.6, a ƙasar da a lokacin take da mutum wajen miliyan 200. Kayan abinci kuma kowa ya ga yadda aka fasa rumbunan ajiyarsu a Oktoba, wata shida bayan lokacin da aka fi buƙatarsu. Ki tambayi matan ƙungiyarki, nawa ne cikinsu suka shiga ɗaya daga waɗannan? Mafi yawan ƙofofin an yi su ne don mai asusun banki, mai wayar zamani, mai takardar rajistar kasuwanci, wanda ke zaune inda sabis yake.

Bashi a tsakiyar kulle ni ban yarda da shi ba. Mace tana bin wasu, wasu suna binta, kasuwa a rufe, sai a ƙara mata wani da ranar biya? Ban da cewa da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini. Abin da ya dace kuɗi ne kashi biyu, kuma kowanne da lokacinsa. Na farko na ci ne, kyauta, kaɗan-kaɗan a kai a kai muddin hanya na rufe, don kada a taɓa jari. Na biyu na tayar da murhu ne, a ba da shi a makon da hanya ta buɗe. In aka haɗa su aka bayar a farkon kulle, duka za a cinye, kuma ba laifin kowa ba ne, yara ne ke kuka. Na biyun ana iya yin sa rance marar ruwa ta hannun ƙungiya, ya riƙa zagayawa yadda adashi ke yi. A gefe guda kuma a nemi Sarkin Ruwa da shugabannin kasuwa su zaunar da iyayen gida a yi magana: bashin raga da na mai a jingine shi har a buɗe, kada a ƙwace jirgin kowa. Wannan ba ya cin ko sisi, amma sai da bakin manya.

Ko ƙasashe masu kuɗi, abin da ya bambanta su shi ne sauri. Amurka ta ware dala miliyan 300 musamman don masu harkar kifi a dokar da aka sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020. Amma sai da aka raba wa jihohi a Mayu, kowace jiha ta rubuta tsarinta, kowane masunci ya kawo shaidar cewa cinikinsa ya faɗi da fiye da kashi 35 cikin ɗari in aka kwatanta da shekaru biyar na baya. Da yawa ba su ga kuɗin ba sai ƙarshen shekara ko cikin 2021. Jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa ta biya iyalan masunta rufi 10,000 kowanne a watan Mayun 2020. Ba don ta fi Amurka kuɗi ba. Dama tana da tsarin biyan masunta a watannin da ake hana kamu don kifi ya hayayyafa, sunaye da asusu suna nan a ajiye. Brazil ma tana da irin wannan, ana biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashi a watannin hana kamu. Inda akwai bututun da kuɗi ya saba bi, ranar masifa buɗe shi kawai ake yi.

Shi ya sa na fi matsa miki a kan rajista, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta sunayen kowa yanzu da ake zaune lafiya: suna, tunga ko unguwa, aikin da yake yi a sana'ar, lambar waya in akwai, hanyar da kuɗi zai same shi. Mace da sunanta, ba da sunan mijinta ba, har da wadda ke banda a cikin gida ba ta fita, don ita ce ta fi saurin ɓacewa daga lissafi. Yaron jirgi da sunansa, ba a ƙarƙashin mai jirgi ba. Za ku gamu da turjiya, saboda masunci in ya ga biro da takarda haraji yake tunani, kuma yana da dalili. Ku faɗa a fili cewa takardar a hannun ƙungiya za ta zauna. In an gama, a karanta sunayen da ƙarfi a bakin ruwa ranar kasuwa, kowa na ji. Sunan ƙarya ba ya jure wannan, kuma wanda aka tsallake zai ɗaga hannu. Kada ku bari jerin ya bi ta hannun ɗan siyasa, zai dawo muku da sunayen mutanen da ba su taɓa warin kifi ba. Ku taimaka wa waɗanda ba su da asusu su buɗe, amma kada ku dogara da shi kaɗai. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mana yadda cinikin bakin ruwa yake da tsabar kuɗi, da yadda mai POS ke zama sarki in ta ƙare.

Baƙi su ne tallafi ya fi tsallakewa. Masunta mutanen tafiya ne. Sarkawa da Kabawa da sauran Hausawa masu su suna can tafkin Chadi, suna Lagdo a Kamaru, suna tafkin Volta a Ghana, kamar yadda ku ma kuke da baƙi a tungayenku. Da aka rufe iyakoki a Maris 2020, wanda ke waje ya maƙale, ba ya cikin lissafin ƙasar da yake, ba ya cikin na gida. A Indiya dubban masuntan Andhra Pradesh sun yi makonni a cikin jiragensu a tashar Veraval ta Gujarat kafin a kwaso su a motoci a ƙarshen Afrilu. A Tailan, da cutar ta ɓarke a kasuwar jatan lande ta Samut Sakhon a Disambar 2020, ma'aikata 'yan Myanmar aka zagaye da waya mai ƙaya a masaukinsu. Ku rubuta cewa duk wanda ke aiki a ruwanku ranar da aka kulle, yana cikin tallafi, ko daga ina ya zo. In aka bar shi da yunwa, dole ya bi ta daji ya nufi gida, da cutar in yana da ita. Mutanen Diffa da Baga sun riga kowa sanin abin da hana kamun kifi ke jawowa, tunda an hana kamu da cinikin kifi a Diffa tun 2015 saboda tsaro, ba a ɗage ba sai 2019, korona ta same su ba su gama miƙewa ba.

Jita-jita ma tana kashe kasuwa. A Yunin 2020 aka ce an samu ƙwayar cutar a kan katakon yankan kifin salmon a kasuwar Xinfadi ta Beijing, nan da nan shaguna suka kwashe kifin. Hukumomin lafiya sun yi ta bayani cewa ba ta cin abinci ake ɗaukar korona ba, ta numfashi ne. Ku tanadi wanda zai yi magana a rediyo da masallaci da wuri, kafin saƙon WhatsApp ya riga ku.

In a yankinku akwai masu kiwon tarwaɗa, matsalarsu ta juye ce. Kifinsu ba ya ruɓewa, ci yake yi. Otal-otal da wuraren farfesu da na gashi su ne kasuwarsu, aka rufe su, kifin da ya isa sayarwa ya zauna a rami yana cin abinci, abincin kuwa shi ne kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo, ga masara ta yi tsada a shekarar, ga naira ta faɗi. Haɗa su da ku shi ne mafita: su kawo kifi, ku kyafa, a raba riba. In kuma gwamnati ko ƙungiyar agaji za ta raba abinci, ta sayi bandar gida ta sa a ciki, maimakon taliya kaɗai. Mai karɓa ya samu nama a miya, ku kun samu ciniki.

Kada takardarku ta tsaya a kan korona. Annobar da ta fi yawan ziyartar bakin ruwa kwalara ce. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawa a arewa. Tungar da ruwan shanta da wurin bahayanta kogi ɗaya ne, rijiyar burtsatse da masai sun fi mata takunkumi. Rigakafi kuma, ko na wace cuta ce, sai an kai shi da jirgi, a ranar kasuwa, ta hannun wanda mutane suka sani.

Koma da injin da mazan ke so, ba haramun ba ne, lokacinsu ne bai yi ba. Bayan an buɗe, wanda ya sayar da ragarsa ya ci abinci yana buƙatar wata, a nan a ba shi. Amma a ba da mai faɗin ido, domin a shekarar wahala mutane da yawa ke faɗawa ruwa, har waɗanda suka rasa aiki a birni suka dawo gida, ana jan taru mai ƙaramin ido, wasu har da gidan sauro, ana kwashe 'ya'yan kifin da za a kama baɗi. Inji kuwa mutum ɗaya yake amfana, ya bar ƙungiya da rigimar wa za a ba. In sun matsa, ku rubuta guda ɗaya na jirgin ƙungiya wanda zai riƙa zagaya tungaye yana kwaso banda zuwa inda mota take, a kuma rubuta tun yanzu wanda zai riƙe shi da inda kuɗin mansa zai fito.